Kabarin da Aka Haƙa Sau Biyu

"Ina waɗancan suka nufa da diga?" Malam Ɗayyabu ya tambaya, yana leƙe ta ƙofar zaure. Hankalin kowa na kan ɗakin da ake yi wa Sa'idu wanka.

Sa'idu ɗan Saulawa ne, shugaban ɗaliban wata kwaleji a nan Makarfi, yana haya a gidan da ke jikin na Malam Ɗayyabu. Ciwon sikila ya kwantar da shi kwana huɗu, da hantsin nan rai ya yi halinsa. Dattijon bai taɓa yarda da yaron ba. Ɗaki kullum cike da baƙin fuska, wannan da gicciye a wuya, waccan ba mayafi, ai da walakin goro a miya. An gaya masa Sa'idu ne ya tsaya kai da fata har makaranta ta daina sa jarrabawa ranar Lahadi da lokacin sallar Juma'a. Shi dai ya ce ƙungiyar asiri ce aka lulluɓe.

Yanzu ga samari uku cikin abokan Sa'idu, Kiristoci daga Kudancin Kaduna, sun yi hanyar maƙabarta. Ya daure awa biyu, zama ya gagara, ya zura takalmi ya bi sawunsu.

Ya iske rami ya kai ƙugu, tsawonsa daga gabas zuwa yamma.

"Na faɗa! Abin da kuka ƙulla ke nan? A kwantar da Musulmi ba ya fuskantar alƙibla?"

Babbansu, Bulus, ya ɗago daga cikin ramin, gumi na tsiyaya.

"Baba, Allah ya sani ba mu sani ba. Mun ji an ce masu haƙa duk suna kasuwa, kuma mahaifinsa na so a rufe shi kafin la'asar. Salla ba za mu iya yi masa ba. Wannan kaɗai muka ga za mu iya."

Malam Ɗayyabu ya ƙura masa ido yana neman ƙarya, bai samu ba. Tafin hannun yaron duk ya faffashe. Kunya ta kama dattijon. Ya dubi rana, ta soma karkata. In ya kore su, za a iso da gawa ba wurin sa ta.

"Ba haka ake yi ba, ɗana. Kudu da arewa ne, don in an kwantar da shi ta dama fuskarsa ta dubi gabas."

Ya tuɓe riga ya rataya a reshe, ya shata layi da kara.

"Miƙo digar nan. Ku biyu ku mayar da ƙasar wancan."

Yana cikin share ramin ciki aka hango makara tafe. Ya yunƙura zai fito, gwiwa ta ƙi. Bulus ya durƙusa a bakin kabarin ya miƙo masa hannu, ya kama.