Tabon Kakar Oyidiya

Urenna ta haye buhun garin rogo a tsakiyar kasuwa, ta ɗaga murya.

"Hukuma ta ce mu tashi, za ta gina wa masu kuɗi shaguna. A Aba ake gaya mana haka? Zamanin Turawa iyayenmu mata suka zauna a ƙofar Bature suka ƙi motsi. Kakarmu Mgbafor ta sha harsashi a cinya, da rarrafe ta koma gida. Ranar Litinin mu ma za mu zauna gaban motar rusau. Ba jifa, ba zagi."

Kasuwa ta ɗauki shewa. Oyidiya mai busasshen kifi kuwa ta tsuke baki. Mgbafor kakarta ce. Oyidiya ce ta yi shekaru tana shafa wa tabon harsashin nan mai, har tsohuwar ta rasu. Urenna 'yar maƙwabta ce da ke shigowa cin doya tana kasa kunne. Yau ga shi ita ake ɗagawa sama, babu wanda ya ko dubi rumfar kifi.

Da taro ya watse Oyidiya ta tare ta.

"Yaushe muka haɗa kaka, 'yar'uwa?"

Urenna ta yi dariya. "Ta kowa ce yanzu. Ke kin riƙe labarin shekara talatin, me kika yi da shi? Kin shanya shi da kifi?"

Matan da ke kusa suka tuntsire.

*

Da yamma jami'in kasuwa ya zo sayen kifi. Oyidiya tana ƙulle masa, idonta a ƙasa, ta ce, "Litinin suka shirya. Lahadi kowa yana coci."

Ya ce rumfarta ba za a taɓa ba.

*

Ranar Lahadi suna tsakiyar waƙa a coci labari ya iso cewa an fara rusau. Kafin mata su kai, rabin kasuwa ya kwanta, har da rumfar kifi. Urenna ta zauna gaban motar da kayan cocinta, 'yan sanda suka ɗauke ta cak.

Bayan mako guda Oyidiya ta kasa kifinta a bakin kwalta. Ta yago tsohuwar jarida za ta naɗe wa wata mata, sai ga hoton Urenna. A ƙasansa an rubuta: Jikar Mgbafor.

Ta daɗe tana dubawa. Matar ta ce, "Mama, ina sauri."

Ta naɗe kifin a ciki ta miƙa mata.