Manhajar da Ta Riƙe Salihu a Gure

Daga Dosso aka turo Salihu Gure don ya kula da ordinatoci, wato kwamfutocin ofishin kiwon lafiya na gundumar. Matarsa Kubra, malamar lakwal, wato makarantar boko, ta zauna can da 'yarsu Hawa. Sun yi da ita shekara biyu kawai zai yi ya nemi a mayar da shi kusa.

Babbar matsalar da ya tarar ita ce ta unguwarzomomin ƙauyuka. Suna shigar da bayanan mata masu ciki a waya, amma da rezo, wato sabis ɗin waya, ya ɗauke sai duk abin da suka rubuta ya ɓace. Salihu ya ƙudura zai rubuta musu sabuwar manhaja. A ransa kuma yana ganin in aikin ya yi kyau, shi zai buɗe masa ƙofar Yamai, kusa da Dosso.

Ya yi ta gwada kayan aiki. Wanda kowa ya sani nauyi gare shi, yana sa tsofaffin wayoyin su yi zafi su tsaya. Wani kuma ba ya motsi sai da intanet. Daga baya ya ci karo da wata sabuwar bibliyotek, wato gungun umarnin ordinatar da wani ya riga ya rubuta don wasu su ɗora aikinsu a kai. Mutum guda ne a wata ƙasa mai nisa ya yi ta, kusan ba wanda ya san da ita. Tana ajiye komai cikin waya, in an samu rezo ko na ɗan lokaci ne sai ta aika.

Yakura, unguwarzoma a yankin Bune, ita ta fara gwadawa. Ta kira shi tana dariya.

"Malam Salihu, na hau tudu na ɗaga wayar, komai ya tafi! Har na matar nan mai hawan jini."

Washegari aka aika mota ta ɗauko matar, ta haihu lafiya a Gure. Kafin damina ta wuce duk unguwarzomomin gundumar sun koma kan manhajarsa.

Sai ya shiga wurin babban likita, Dokta Abatcha, da maganar canjin wurin aiki.

"Ban ƙi ba," in ji Dokta. "Amma in ka tafi, wa zai riƙe mana wannan abu?"

"Duk wanda aka turo zai iya, ranka ya daɗe."

Aka turo Inusa daga Damagaram, wanda tare suka yi karatu. Ya wuni yana duba aikin, da la'asar ya ture ordinatar gefe.

"Abokina, ina ka samo wannan? Ban taɓa jin sunanta ba. Bayanin yadda ake amfani da ita ma bai kai shafi ba. Kuma ka ga abin da mai ita ya sa?"

Salihu ya leƙa. Mutumin ya sanar cewa ya samu wani aiki, ya daina kula da bibliyotek ɗin, mai so ya ci gaba da ita.

Inusa ya koma Damagaram. Daga nan duk wayar da ta sabunta kanta sai manhajar ta ƙi buɗewa a kanta. Salihu ya shiga cikin umarnin da ba shi ya rubuta ba, yana toshe nan, can na ɓallewa. Kowane gyara da ya yi, shi kaɗai ya san dalilinsa. Ya lura da kansa cewa kullum ƙara ɗaure kansa yake yi, amma bai ga yadda zai daina ba.

Kubra ta kira shi ana saura mako guda Sallah.

"Baban Hawa, ka yanki tikiti?"

"An raba sababbin wayoyi a Gidigir, duk sun ƙi aiki."

"To ka bar su su ƙi mana. Kafin ka je ba haihuwa ake ba?"

Tunanin nan ya sha zuwar masa: ya janye hannu ya bar abin ya mutu, a koma yadda ake dā, a sallame shi. Amma ya san sunayen unguwarzomomin nan ɗaya bayan ɗaya, ya san mata nawa ke jiran mota ta dalilinsu.

"Bayan Sallah zan zo," ya ce. Ta kashe wayar.

A Gure ya yi Sallah, a gidan Yakura da ta shigo gari wurin danginta. Bayan hutu ya koma wurin Dokta ya ce zai sake rubuta manhajar daga tushe da kayan aikin nan mai nauyi da kowa ya sani, Inusa kuma ya yarda zai riƙa duba aikin daga can.

"Zai ɗauki wane lokaci?" in ji Dokta.

"Wataƙila shekara. Kuma sai an canza tsofaffin wayoyin."

"Wannan ba a hannuna yake ba. Ka fara dai, in an gama mu yi magana."

Salihu ya koma ofis ya sa kayan aikin su sauko. Sun kai wajen rabi rezo ya ɗauke. Ya jawo kujera kusa da taga, inda wayarsa ta fi kamawa, ya sake farawa.