Wadda Ba Ta Ce Agoo Ba

Duk wanda ya san lungunan Maamobi ya san dokar: idan kana ɗauke da kaya za ka sha kwana, sai ka ce "agoo" da ƙarfi, na bayan kwana ya kauce. Ko yaron goye ya san wannan. Zalia, 'yar kayan da ke ɗaukar wa Rifkatu tukunyar koko daga gida zuwa bakin titi kowace safiya, ita ma ta sani. Ran Laraba waya na manne a kunnenta, ba ta ce ba. Amama, 'yar Rifkatu mai shekara huɗu, ta fito da gudu daga bayan kwana, suka yi karo. Koko mai tafasa ya sauka mata daga kafaɗa har ciki. Zalia ta yar da tukunya ta gudu.

Yanzu Amama na kwance a asibiti, an naɗe ta kamar ƙunshin goro. Ta daina kuka ma, sai nishi. Rifkatu ta gwammace kukan.

Rifkatu Kirista ce tun daga kakanni, kuma ita ke jan waƙa a cocinsu na masu jin Hausa a Nima. Amma tun daga ranar nan, addu'a ta gagare ta. Takan fara Addu'ar Ubangiji lafiya lau, da ta iso inda ake roƙon gafara gwargwadon yadda mutum ya gafarta wa wasu, sai harshe ya ƙi. Tsoro ya kama ta. Tana roƙon Allah ya bar mata 'yarta, alhali a zuciyarta tana juye wa Zalia tukunyar nan a ka sau ɗari a yini.

Ran Asabar da hantsi sai ga Iliya, ƙanin mijinta, da samari uku a bayansa. Iliya dai bai taɓa rasa fushin da zai ara ba, balle yau da fushin nasa ne na kansa. Ɗaya daga cikin samarin na riƙe da bel ɗin inji.

"Sista, an gan shi a kasuwan Nima," in ji Iliya, da Hausarsa ta Zongo mai mayar da mace namiji. "Yana cikin 'yan kaya. Mu ba mu san fuskansa ba, duk iri ɗaya ne. Ke kawai nuna, sauran aiki namu ne."

Ta bi su. Kada a yi mata ƙarya, da son ranta ta bi su.

'Yan kaya na zaune a jere a inuwar wani shago, kowace a cikin babban kwanonta na alminiyom na ɗaukar kaya, wasu na gyangyaɗi, wasu na shayarwa. Rifkatu ba ta sha wahalar nema ba. Zalia ce ta biyu daga ƙarshe, ta ja ɗankwali har gira, jaririnta a cinya. Suka haɗa ido. Yarinyar ba ta ko yunƙura ta gudu ba, sai ta miƙa wa ta kusa da ita jaririn a hankali, ta sunkuyar da kai tana jira.

Wannan miƙa jaririn ne ya tsayar da Rifkatu. Ta san abin da kasuwa ke yi wa wanda aka nuna da yatsa. Samari huɗu ne za su fara, amma ba su za su gama ba. Kuma laifin nan Zalia ta yi shi, babu wani uzuri da za a tono mata. Yatsan Rifkatu har ya fara tashi da kansa. Ta damƙe shi da ɗaya hannun, ta ce a ranta, Yesu, ni ban iya ba, riƙe mini hannun nan.

"Sista, yana nan ko ba ya nan?"

Da ta ce ba ta nan, da magana ta ƙare. Amma ba za ta koma gaban gadon Amama da ƙarya a baki ba.

"Tana nan. Na gan ta. Ba zan nuna ta ba."

Iliya ya dube ta kamar ta zare. "Yarinyanki na kwance, fata ya saɓule, kina ce mini mene?"

"Na fi ka sanin yadda take kwance, ni nake juya ta. In kun fasa wa wannan kai, fatar Amama za ta dawo? Ku tafi. In kuma duka kuke so, ga ni, ku fara da ni."

Ta je ta zauna a ƙasa a tsakiyar layin, ta baje zani, har mai kifi da ke gefe ta daina ciniki tana kallo. Iliya ya zazzage mata abin da ke bakinsa, ya ce ta sayar da jininta don a ce mata mai ibada. Da suka gaji da tsayuwa a rana, suka watse.

Sai a lokacin Zalia ta rarrafo. "Mma," ta ce. "Amama tana da rai?"

"Tana da rai."

Ɗankwalin Zalia ya zame. Daga wuyan yarinyar har ƙirji duk ƙuna ce, ta yi ruwa, an shafa mata man goge haƙori ya bushe a kai. Rifkatu ba ta ji tausayi ba, gaskiya, har yanzu zuciyarta tafasa take. Amma ta buɗe jaka ta ciro man ƙunar da ta saya wa Amama, ta matsa a yatsan da ta kusa nunawa da shi.

"Ɗaga haɓarki," ta ce. "Zai yi zafi."