Sawun Dawakin Mutanen Da

Ni Jimrau, ni na fara ganin sawun nan kafin idon kowa ya kai wurin. Yau duk wanda ya shayar da raƙumi a rijiyar Kufai sai ya ce kakansa ne ya gano ta. Ƙarya suke yi. Kakannin nasu na kwance suna kiran uwa lokacin da na durƙusa ina sharar yashi da hannuna.

Mu goma sha ɗaya sarki ya aika tsaron iyaka, arewa da Birnin Lalle, cikin wata rusasshiyar ganuwa da wasu mayaƙa suka bari tun ba a haifi kakan kakana ba. Barde Harisu ne shugabanmu. A kwari muke ɗebo ruwa, wajen ganuwa. Ran nan mahara suka sauka kan rijiyar kwarin, sun ninka mu biyar, suka zauna jiranmu. Kibiya ɗaya suka ɓata, ita ce ta sami ƙanena Tanimu a cinya. Sauran aikin suka bar wa rana.

Kwana biyu salkunanmu suka bushe. Tanimu jiki ya yi zafi kamar murhu, leɓe ya tsage. In na zo kansa sai ya kama ƙafata.

"Yaya, ruwa, ko na tsoma yatsa ne."

A rana ta uku Barde ya tsinci wani dutse mai zanen igiya a jiki, irin na bakin rijiya. Ya yi kabbara, ya ce a tona nan.

Na ce, "Barde, wanga dutse jawo shi aka yi. Juya shi ka gani, wasa takobi aka yi da bayansa. Ga toka, ga ƙasusuwa. Nan suke dahuwa. Wa ke hura wuta a bakin rijiya?"

"Kai da ko alif ba ka sani ba, kai za ka karanta mini ƙasa? Ɗauki mashi ka tona."

Muka tona yini guda. Gaba biyu, toka da ƙashin tumaki. Ɗan ruwan da ya rage a jikinmu muka zubar a ramin nan, kuma kafin la'asar mutum biyu suka mutu a cikinsa. Barde ya zauna ya rufe fuska da rawani, bai sake ba da umarni ba.

Da gari ya waye na tuna wani guntun linzami da na taka ranar da muka iso, tsatsa ta cinye shi. Ashe mayaƙan da suka gina ganuwar nan da dawaki suka zauna. Mutum ya iya daurewa, amma wanda ya ɗaure doki cikin ganuwa, ruwansa na ciki. Ƙafata ba ta ɗaukata, sai na yi rarrafe, duk inda ƙasa ta ɗan lotsa in share.

Intalla, Buzun da ke nuna mana hanya, yana jingine da ganuwa, harshe ya kumbura. Duk da haka bai bar tsiya ba.

"Bagobiri, kabarinka kake shara? Faɗaɗa shi, mu biyu ne."

"Kai kuraye za su ɗauke, ba ka bukatar rami."

Wajen hantsi hannuna ya taɓa ƙasa mai tauri kamar daɓe. Na share, na hure. Sawun doki, mai zurfi, ya bushe ya zama dutse. Ga wani, ga wani. Doki ba ya nutsa kofato haka sai a laka, laka kuwa ba ta zuwa kan tudu sai an zubar da ruwa kullum. Kuma duk sawun gaba ɗaya suka dosa.

Intalla ya jawo jiki ya duba. Dariyar ta ɗauke masa.

"A jere suke. Sha suke yi. Kwamin shayarwa na gabansu, rijiya na bayan kwami."

Da mashi da farce muka tona, mu shida masu sauran motsi. Kamu uku sai itacen ƙirya, an jera gicciye, an lulluɓe da ƙasa. Da mayaƙan nan za su tafi suka rufe rijiyar don kada abokin gaba ya sha. Sun yi niyyar dawowa. Na jefa tsakuwa ta tsakanin itacen. Muka ɗauke numfashi. Can ƙasa ta ce cumbul.

Rawunanmu muka ƙulla, muka zura ƙwarya. Ruwan baƙi ne, yana wari. Wallahi ban kai shi baki ba, ni da na gano shi. Na ruga da shi wurin Tanimu, ina faɗuwa ina tare ƙwaryar.

"Tashi, ga shi."

Jikinsa da sauran ɗumi. Na ɗaga kansa na zuba masa, ruwan ya biyo gefen baki ya shiga ƙasa. Yinin da muka ba ramin toka shi ya tafi da shi. Da ruwan nan muka yi masa wanka.

Washegari muka hau ganuwa muna kwarara ruwa ƙasa, mahara na kallo, don su san ƙishirwa ba za ta fito da mu ba. Kwana uku suka tashi. Mu takwas muka fito, yau ni kaɗai na rage.

Mai shakka ya tafi Kufai. Ya share yashi gabas da rijiya, ya sa hannunsa cikin sawun. Taki bakwai daga nan akwai kabarin Tanimu. In ya dawo ya same ni a Dakoro, ya dubi idona ya ce ƙarya nake, in uwarsa ta haife shi.