Baƙi a Ginin Alhaji Muktar

Edna Fredrick ba ta taɓa riƙe gini ita kaɗai ba sai a shekarar 2014. Kafin nan shekara shida ta yi tana bin wani tsohon injiniya a Jimeta. Ita ce mai jan tef, ita ce mai zuwa kasuwa duba rodi, shi kuma sunansa ake rubutawa a allo. Da ya gaji ya koma garinsu, sai ya haɗa ta da Alhaji Muktar, wani ɗan kasuwar hatsi na cikin garin Yola, wanda ke son gidan kwanan ɗalibai a filinsa na Yolde Pate. Bene ne hawa ɗaya mai ɗaki ashirin da huɗu, sai wasu ƙananan ɗakuna huɗu a baya na mai gadi da ajiyar kaya.

Suka yi magana za ta miƙa makulli a ƙarshen Janairu. Ta zana jadawalin aikin a kan babban kwali, mako bayan mako, ta kafe shi a rumfar kwano inda ake ajiye siminti. Har ƙarshen Oktoba ba ta saɓa ko kwana ɗaya ba. Bangon ƙasa ya tashi, kafintoci sun shimfiɗa katakon dakin, wato rufin kankaren da bene zai hau kansa, an tokare shi da gora daga ƙasa, masu ɗaurin rodi suna sama suna aikinsu. Ranar Asabar ta mako mai zuwa za a zuba kankare.

A makon ne Mubi ta faɗa hannun 'yan bindiga, mutane suka yi ta kwarara Yola a ƙafa da bayan manyan motoci.

Ranar Litinin da safe Edna ta sauka daga keke, ta tarar da leburorinta cirko-cirko a bakin titi, ba wanda ya taɓa shebur. Hayaƙi na fitowa ta tagar ginin. An shanya zannuwa a kan tulin yashi, an jera bulo uku an ɗora tukunya. Da ta leƙa ciki sai ta ga mutane zube a ƙasa, mata da yara da tsofaffi, sun fi talatin. Wata tsohuwa na jingine da bango, ƙafafunta a kumbure, an naɗe su da tsumma.

Wani mutum siriri mai furfura a gemu ya taso ya gaishe ta.

"Ke ce Injiniya? Sunana Salihu, daga Mubi muke. Kwananmu huɗu a hanya. Mun je sansanin Malkohi, mutane kamar ƙasa, ko wurin shimfiɗa tabarma ba mu samu ba. Muka ga nan babu ƙofa, muka shigo. Ki yi haƙuri."

Idon Edna na kan gorar da ke riƙe da katakon sama, yara biyu suna zagaya ta suna wasa. Ko yanzu wani ya ture guda ɗaya, Allah kaɗai ya san abin da zai biyo baya, balle ranar da za a ɗora wa katakon nauyin kankare.

"Na hana su taɓawa," in ji Salihu, da ya ga inda take kallo. "Kuma waccan ta kusurwa ba ta zauna daidai ba, ƙasa ta lotsa a gindinta. Na sa mata guntun katako. Ki gafarce ni, hannuna ne ya ƙi zama."

Ta je ta durƙusa ta duba. Gaskiya ya faɗa, kuma gyaran ya fi na kafintocinta kyau.

"Aikinka ne?"

"Shekara ashirin da biyu ina kafinta. Rufi da katakon dakin."

Ta koma rumfa ta tsaya a gaban kwalinta. Hanya mafi sauƙi a bayyane take: a kira 'yan sanda, kafin azahar wurin ya koma yadda yake. Amma ta ga ƙafafun tsohuwar nan. Barin su a ƙarƙashin katakon kuma ba zai yiwu ba. Ta bi jadawalin da yatsa har ƙasa, inda ta rubuta ɗakunan baya a matsayin aiki na ƙarshe. Bangonsu ya riga ya kai linta. Kwano da ƙofofi kawai suke jira, sai a haƙa masai. Ta ɗauki biro ta ja kibiya daga ƙasan kwalin zuwa sama, sannan ta kira Alhaji Muktar.

Bayan la'asar ya zo, ya fito daga mota ransa a ɓace.

"Injiniya, kwangilar gini na ba ki. Me nake gani haka?"

Ta yi masa bayani a tsaye. Za a ɗaga zuba kankare, a juya duk ma'aikata zuwa ɗakunan baya. Cikin kwana tara a rufe su, mutanen su koma can, a ja shingen kwano tsakaninsu da wurin aiki. Ba bulo ɗaya da za a ƙara a kan abin da ke cikin zane, jerin aikin kawai za a sauya.

"Wa ya san su?" Alhaji ya rage murya. "Kin ji abin da ake faɗa a gari. In akwai na waɗancan mutanen a cikinsu fa? Ni za a zo a kama, filina ne."

"Na rubuta sunan kowa da unguwarsa, Alhaji. Gobe da safe ni da Malam Salihu za mu kai wa Jauro mai unguwa takardar, ya zo ya gan su da idonsa."

"In sun shiga ɗaki mai ƙofa kuma, wa zai fitar da su?"

Ta faɗa masa gaskiya, wannan kam ba ta sani ba.

Ya wuce ta ya shiga ginin, yana tattare babbar rigarsa. Tsohuwar da ke jingine, wadda ake kira Dada Zulaihatu, ta ɗaga kai ta gaishe shi da Fulatanci, ta tambaye shi lafiyar gida da iyali kamar shi ne ya zo mata baƙunta. Alhaji ya tsaya. Can sai ya tsuguna ya amsa. Edna 'yar Numan ce, Fulatancinta bai wuce na ciniki ba, saboda haka ba ta ji duk abin da suka faɗa ba. Ta dai ga ya daɗe a tsugune, kuma da ya fito bai dubi kowa ba.

"Kwana nawa za ki makara?" ya tambaya a bakin mota.

"Mako uku."

"Kin tabbata?"

"Ban tabbata ba, Alhaji. Abin da lissafina ya ba ni ke nan."

Ya yi tsaki ya shiga mota. Washegari wata a-kori-kura ta sauke buhun masara uku da na wake ɗaya a bakin ginin. Direban ya ce shi dai an ce ya kawo.

Jauro ya zo ya ga mutanen, ya karɓi takarda. Aikin baya ya kankama. Edna ta ɗauki Salihu aiki a ranar, ta ba shi rufin, ya nemo maza shida cikin 'yan uwansa suka shiga layin leburori, ana sallamarsu da yamma kamar kowa. Da farko tsofaffin ma'aikatanta sun yi gunaguni, suna cewa baƙi za su karya musu farashi. Ta tara su ta ce farashi ɗaya ne, wanda kuma ya ga an rage masa aiki ya zo ya same ta. Ba wanda ya zo. Ranar Lahadi ta faɗa wa matan cocinsu na unguwar Gwadabawa, suka haɗo zannuwa da tabarmi da sabulu. A kwana na goma aka kwashe mutanen zuwa baya, mata da yara ɗaki uku, tsofaffin maza ɗaya, sauran a rumfa.

Ranar zuba kankare ta zo. Aiki ne da ba ya son tsayawa, in aka fara da safe sai an kai ƙarshe, in ba haka ba dakin ya yi gaɓa, ruwa ya riƙa bi. Tun rana ba ta fito ba injin kwaɓa ya fara ruri. Maza suka yi layi a kan matakalar katako, daro na bin daro. Da hantsi tankar ruwa ta biyu ta aiko cewa an tsare ta a shingen bincike. Edna na tsaye tana duba duro biyun da suka rage, sai ta ga matan baya sun fito da bokitai da jarkoki, sun nufi bohol ɗin unguwa. Ba ita ta ce su je ba. Dada Zulaihatu na zaune a bakin shinge tana kiran sunan duk wadda ta yi nawa. Haka aka yi ta yi har tankar ta iso bayan azahar. Kafin magariba aka shafe kusurwar ƙarshe. Edna ta zauna a kan bulo, takalmanta sun yi fari da siminti, wata mata ta miƙo mata kunun gyaɗa a kofin roba. Ta shanye, ta nemi ƙari.

Makarar ba ta tsaya a mako uku ba, sai da ta kai biyar, don motocin siminti ma sun riƙa kwana a hanya. Kowace Juma'a Alhaji Muktar zai biyo bayan masallaci ya yi mita, ya zagaya baya ya gaida Dada, ya tafi. Tambayarsa ta wa zai fitar da su kuwa, ba a sake tayar da ita ba. Da sojoji suka karɓe Mubi, hanya ta fara buɗewa, mutanen suka riƙa tafiya gida biyu, gida uku. Wasu suka samu wuri a Malkohi. Dada ta tafi a watan Fabrairu, ƙafafunta sun saɓe, ta kama hannun Edna ta yi mata addu'a mai tsawo. A farkon Maris aka yi wa ɗakunan fenti, Edna ta miƙa makulli.

Salihu ya je Mubi ya dawo bayan kwana uku. Shagonsa ya ƙone har ƙasa, injinansa babu ko ɗaya. Ya ce zai zauna shekara guda ya ga yadda za ta yiwu.

Yau Edna na da kamfaninta, ofis ɗaki biyu a Jimeta, da ma'aikata goma sha ɗaya na dindindin. Huɗu daga ciki mutanen Mubi ne. Salihu shi ne foman, shugaban ma'aikatan, ya gina gidansa a Yolde Pate, gemun ya gama yin fari. Alhaji Muktar ya ba ta gini biyu bayan wancan, kuma duk wanda ya tambaye shi yakan ce aikinta ba ya tsagewa, sai dai a yi haƙuri da taurin kanta.

Makon jiya aka kira su Malkohi. Wasu da suka zo gudun hijira suka zauna dindindin sun haɗa ƙungiya, suna son jerin shaguna takwas a bakin hanya. Edna da Salihu suka je duba filin da hantsi. Ya caka ƙarfe a ƙasa, ya zaro, ya murza abin da ya manne da yatsunsa.

"Laka ce, Injiniya. Ƙafa huɗu za mu haƙa."

"Uku da rabi ya isa, Malam Salihu."

"Huɗu."

"To, a haƙa rami ɗaya gobe mu gani. In ka yi gaskiya, ni zan sayi kifin rana."

Ya yi dariya, ya goge hannunsa da ciyawa. Shugaban ƙungiyar ya matso yana tambaya yaushe za a fara, Edna ta buɗe littafinta ta ce masa ranar Litinin, in Allah ya kai mu.