Kalmar Sirri a Hannun Dogo

Ƙarfe takwas da rabi na safe wayar Injiniya ta yi ƙara. Mai ba da magani ce daga ɗaya cikin ƙananan asibitoci goma sha ɗaya da ke amfani da manhajarsu ta lissafin awon magani.

"Injiniya, abin nan naku ya ninka wa jariri awon magani. Allah ya sa na sake lissafawa da kaina."

Kafin tara Injiniya ta gano kuskuren ta gyara, layi uku ne kacal. Amma da ta je tura gyaran rumbun da asibitocin ke ɗaukowa, sai shiru. Sabar, kwamfutar da ke riƙe da rumbun, ta mutu.

Su bakwai suka gina manhajar, duk 'yan sa-kai. Da a rumbun wani babban kamfani suke ajiye aikinsu, har ranar da kamfanin ya rufe musu asusu kwana tara ba tare da ko uffan ba. Injiniya ce ta tsaya kai da fata cewa zaman gidan wani ya ishe su. Suka haɗa tasu sabar, 'yar ƙaramar kwamfuta kamar kwalin takalmi, suka ajiye a ɗakin shirgin Dogo, mai kula da ita. Yau kuwa kwanan Dogo huɗu a asibiti, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya ƙi magana.

Ta kira abokin aikinsu da suke ce wa Sarkin Musu, wanda tun farko bai yarda da ƙaurar ba.

"Ai na faɗa," in ji shi. "Kin fitar da mu daga hannun kamfani, kin zuba mu a aljihun mutum ɗaya."

"Ka adana faɗan zuwa anjima. Kira asibitocin, ka ce su yi lissafi da hannu."

"Mu tura gyaran ta wata hanya mana."

"Kwamfutocinsu ba sa karɓar komai sai da hatimin sabar. Kai ma ka sani."

Mahaifiyar Dogo ce ta buɗe mata gidan. A ɗakin shirgi, tsakanin tsohuwar fanka da buhun takardu, Injiniya ta tarar batirin sabar ya ƙare tun ɗaukewar wutar jiya. Yanzu wuta ta dawo, ta kunna. Allon ya nemi kalmar sirri, kuma Dogo ya tsara shi ne yadda kuskure biyar zai kulle komai. Ta gwada biyu da take zato, duk ba su yi ba. Sai ga saƙon Sarkin Musu: asibitoci takwas sun ɗauka, uku ba sa ɗaga waya.

Ta cire wayoyin, ta tura sabar da ɗan allon da madannai cikin jaka, ta tari tasi zuwa asibitin da Dogo ke kwance.

A bakin ɗakin marasa lafiya matar Dogo ta tare ta. Idonta ya sauka kan jakar.

"Mijina kika zo dubawa ko akwatinku?"

"Yaya, ba zan yi miki ƙarya ba. Akwatin ne. Akwai rayukan jarirai a ciki."

"Mutumin da ko ruwa sai na ɗaga masa kai?"

Daga kan gado aka ji ƙwanƙwasa. Dogo ne ke buga ƙarfen gadon da hannun hagu, idonsa a kan jakar. Matar ta kalle shi, sannan ta matsa gefe. Nas ta ce minti goma, ko daƙiƙa ba za ta ƙara ba.

Injiniya ta jona wuta, ta ɗora madannan a cinyarsa. Da yatsan hagu ya danna harafi ɗaya, ya huta, ya danna wani. Allon ya ce ba daidai ba. Saura biyu. Gumi ya keto masa. Ya rufe ido, ya yi ƙoƙarin ɗaga hannun dama, hannun ya ƙi.

"Yatsunsa ne suka haddace, ba kansa ba," in ji matar a hankali. "Da hannu biyu ya saba."

Ta zauna gefensa, ta ɗora mataccen hannun a kan madannan, ta riƙe. Dogo ya danna nasa na hagu, in ya zo kan na dama sai ya kafe harafin da ido, ta nuna, ya ƙifta, ta danna. Haruffa goma sha huɗu. Allon ya buɗe.

Injiniya ta haɗa sabar da intanet ɗin wayarta, ta tura gyaran. Ɗaya bayan ɗaya asibitocin suka ɗauka, har ukun nan.

Injiniya na naɗe wayoyi matar ta ce, "Kada abin nan ya koma gidana. Kwana huɗu yana nuna min ƙofa, na ɗauka gida yake so, ashe akwatin nan yake nufi."

A baranda Injiniya ta kira Sarkin Musu.

"Kawo sabar ofishina," ya ce. "Amma kalmar sirri a hannun mutum uku, kuma kwafi ya koma wurin kamfanin."

"Kwafi kawai."

"Za mu yi wannan musun in kin iso. Yaya jikin nasa?"

Ta leƙa ta taga. Dogo ya yi barci, matarsa na goge masa goshi da gefen mayafinta.