Bututun Kallon Wata

Shekarar da aka ce Turawan Amurka sun taka wata, yaƙin basasa bai ƙare ba tukuna, Malama Lauratu kuma tana koyar da 'yan aji ɗaya a wata firamare da ke gindin Dala. Mace ce 'yar siririya, ga saurin ƙafa ga saurin baki, in ta sa abu a gaba sai dai ka kauce mata. Yara talatin da biyu ne a ajinta, goma sha ɗaya mata, kuma duk cikin matan nan babu wadda ba ta sha zarya a gidansu ba kafin a yarda a ba ta ita.

Wadda ta fi ba ta wahala ita ce Aisa. Gidansu na Barebari ne, kakanninsu sun zo daga Borno tun ba a haifi kowa ba, gida ne na allo da tawada. Uwar yarinyar ta rasu, kakarta Inna Falmata ce ke riƙe da ita, ita kuwa Inna ko sunan boko ba ta son ji. Uban, Kyari, soja ne, shi ne ya kamo hannun 'yarsa ya kawo ta ana saura kwana uku a kwashe su a jirgi zuwa bakin daga. Ya ce, "Malama, ga amana nan. Kome za a yi, kada ki bari a cire ta." Lauratu ta ce ta karɓa. Wata goma ke nan da tafiyarsa, wasiƙa biyu kacal aka gani.

To, a lokacin nan jiragen yaƙi kan tashi daga filin jirgi su keto ta saman birni, da wata irin ƙara da sai ka ji ta har cikin haƙoranka. Da zarar an ji su, aji ya hargitse ke nan. Wasu su shige ƙarƙashin benci, wasu su toshe kunne suna ihu, Aisa kuwa sai ta ruga bakin taga tana ɗaga wuya. Abin ya ishi Lauratu. Ta ce tun da ba ta da ikon hana jirgi tashi, bari ta koya wa yaran sunan duk abin da ke saman kansu, ko tsoron ya ragu.

Littafi babu, hoto babu, sai alli da allo. Ta zana jirgi ta ce, "Wannan fiffike ne. Ku ce fiffike."

"Fiffike!"

"Wanda ke zaune a gaba yana tuƙawa?"

"Matuƙi!"

Ta zana wani abu dogo mai tsini, wuta na fita ta gindinsa. "Wannan shi ne kumbo. Jirgi iska ce ke ɗauke da shi, in babu iska ba ya tashi. Kumbo kuwa yana wuce inda iska ta ƙare, ya shiga sararin samaniya. Mutumin da ke cikinsa ana ce masa ɗan sama jannati."

Kai, wannan suna ya yi wa yaran daɗi! Har a hanyar gida kana jin su suna rera shi. A mako biyu sun san tauraro, sun san tauraron ɗan'adam, sun san duniya juyawa take yi, ko da yake wata yarinya mai suna 'Yardada ta kafe a kan cewa ƙarya ce, don in da gaske ne da tuni randar gidansu ta kife. Wata rana Aisa ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, wata da inda Babana yake, ina ya fi nisa?" Lauratu ta ce wata ya fi nisa, nesa ba kusa ba. Yarinyar ta ce, "To ai shi ina ganinsa." Lauratu ta juya tana goge allo.

Daga nan ne tunanin bututu ya zo mata. Ta samo gilasai biyu na tsofaffin tabarau a kasuwar Kurmi, ta kai wa wani maƙerin gwangwani a Ƙofar Wambai, ta tsaya a kansa sai da ya naɗa mata bututu mai tsawon kamu ɗaya, ya dasa gilashi a kowane baki. Ba wani abin kirki yake nunawa ba, gaskiya, amma yana ɗan jawo abu kusa. Ta jira safiyar da wata ya makara a sama, fari sol a yamma da Dala, ta fito da yaran fili ta jera su layi.

Zo ka ga turereniya! Kowa ya karɓa sai ya danna bakin bututun a ido kamar zai cusa shi ciki. 'Yardada ce ta fara, idonta ja yana ruwa, Lauratu ta ɗauka kukan rigimar layi ne, ta ce ta yi sauri ta ba na baya. Da aka zo kan Aisa, ta ɗan leƙa watan, sai ta juya bututun ta nufi kudu da shi, wajen da ake yaƙin, ta daɗe tana dubawa. Lauratu ta san abin da take nema, ta ƙyale ta har sau uku tana komawa layi.

Kwana biyu tsakani, yara bakwai ba su zo ba. Kashegari goma sha biyar. Ido ya yi jawur, ya kumbura, da safe a tashi ya manne da kwantsa, ga ƙaiƙayi kamar an zuba yashi. Ba a makarantar kaɗai ba, ciwon ya shiga gari, daga Jakara har Dala, mutane suka sa masa sunan kumbon Turawan, suka ce afolo. Wai ƙurar wata ce Turawan suka kwaso, ta bazu a duniya. Matan unguwa kuwa ba su yi nisa wajen neman mai laifi ba. Wa ya jera 'ya'yansu ya sa su leƙa wata da bututu?

Inna Falmata da kanta ta tare ta a lungu, ta yafa mayafi, ta ce, "Malama, abin da Allah Ya ɗaga sama Ya nisanta, ke kika jawo shi kika zuba a idon marainiya. Aisa ta gama boko. In ubanta ya dawo, ni zan yi masa bayani." Ba ta jira amsa ba ta wuce. Lauratu ta san sauran matan ita suke kallo, in Aisa ta fita, to sauran 'yan matan goma ma sun fita.

Ranta ya ɓaci ƙwarai. Ƙurar wata! Wannan wane irin zance ne? Ta ɗauki jakarta, ta nufi asibitin sha-ka-tafi na unguwa wajen Malam Nata'ala disfensa, wani dattijo mai sanyin magana, don ya ba ta hujjar da za ta rufe bakin kowa. Ta tarar da layi har waje, kowa ya rufe ido da ƙyalle. Sai da azahar ta samu ganinsa.

Ya yi dariya ya ce, "Malama, wata bai san ana yi ba. Ƙwayar cuta ce, ƙanƙanuwa, ido ba ya ganinta. Kwana bakwai zuwa goma ta wuce, ba ta makantarwa."

"Alhamdu lillahi! Haka na ce musu. Jahilci ne kawai."

"Daga ido take zuwa ido," in ji shi, yana wanke hannu a kwano. "Mai ciwo ya murza ido ya gaisa da kai, ka ɗauka. Tawul ɗaya, ƙyalle ɗaya, duk abin da ya taɓa idon wannan ya taɓa na wancan. Gida guda sai ya kama a kwana biyu."

Lauratu ta buɗe baki za ta ƙara wata maganar, sai ta tsaya. Idon 'Yardada ya faɗo mata a rai, ja yana ruwa, da bakin bututun nan yana bin yara talatin da biyu ɗaya bayan ɗaya. Ta nemi benci ta zauna, ta faɗa masa duk yadda aka yi. Malam Nata'ala ya girgiza kai, ya ce lalle bututun ya taimaka. Da ya ga yadda fuskarta ta koma, sai ya tausaya mata. Ya ce, "Ciwon nan ko ba ke ba zai shigo. Ki je ki ce disfensa ya ce ba wata ba ne, ki tsaya nan. Ai ba ƙarya kika yi ba."

Ta fito tana juya maganar. Gaskiya ne, ba ƙarya ba ce. In ta faɗi rabin nan, wataƙila Inna ta sauko, yara su dawo. In ta faɗi duka, ta miƙa wa matan sandar da za su doke ta da ita. Ta yi ta tafiya har ta wuce kan lungun gidan su Aisa, ta dawo, ta sake wucewa. Kunya ce ta fi damunta, ita da ta gama kiran mutane jahilai.

Da la'asar ta yi sallama ta shiga. Matan gidan suna zaune a tsakar gida, huɗu ko biyar, kowacce ido jawur. Inna Falmata na kan tabarma a ƙofar ɗakinta, ta amsa sallamar a daƙile. Aisa na kwance da kai a cinyarta, idanun sun kumbura sun rufe. Da ta ji muryar malamarta sai ta fashe da kuka.

"Malama, na makance. Don na leƙa wata ne. In Babana ya dawo ba zan gan shi ba."

Wannan magana ita ta yanke wa Lauratu shawara. Ta durƙusa a gefen tabarmar ta ce, "Aisa, ba ki makance ba, kuma ba ki yi laifin komai ba. Nan da mako guda za ki ga kowa tar. Kallon wata ba ya sa ciwo." Sannan ta dubi tsohuwar. "Inna, kun ce bututuna ne, kun yi gaskiya. Amma ba wata ya zubo komai a ciki ba. Yarinya ɗaya ce ta zo da ciwon, ta sa bututun a idonta, ni kuma na bi sauran da shi ban goge ba, ban wanke ba. Ciwon daga ido yake tsallakawa zuwa ido, a jikin duk abin da ya taɓa su. Ban sani ba a lokacin, amma da hannuna na raba musu. Ku yafe mini."

Wata daga cikin matan ta tafa hannu ta ce, "Kun ji ko! Da bakinta!" Lauratu ta sunkuyar da kai tana jiran abin da zai biyo baya. Ta riga ta sallama, ta san ta rasa yarinyar.

Da Lauratu ta ɗago, sai ta ga tsohuwar ba ita take kallo ba, hannunta take kallo. Tandun kwalli ne a hagunta, tsinken sa kwallin a damanta, dama shirin sa wa Aisa take yi aka yi sallama.

"Duk abin da ya taɓa ido, kika ce?"

"Haka disfensa ya ce, Inna."

Inna Falmata ta bi matan gidan da kallo ɗaya bayan ɗaya, da jajayen idanunsu. Muryarta ta yi ƙasa. "Ranar da yarinyar nan ta kwanta, na ce bari in tsare gidana. Na sa mata kwalli, na bi kowa na sa masa, har jaririn da ke goye. Safe da yamma. Da tsinken nan guda ɗaya."

Wadda ta tafa hannu ɗazu ta kawar da kai. Inna ta ajiye tsinken a ƙasa a hankali, ta goge yatsunta a zane, ta sake gogewa. Hawaye ya taru a idonta, ba na ciwo ba. Ta ce a dafa ruwa, a kawo sabulu, kowa ya nemi ƙyallensa daban. Sannan ta shafa kan Aisa.

"Malama, da kin yi shiru, da yanzu na sake sa mata." Ta ja numfashi. "In idon ya washe, ki zo da kanki ki tafi da ita. Abin nan da ido ba ya gani, ki koya mata sunansa, ta zo ta faɗa mini."